Daga ramin kwal zuwa gaban kwamfuta: me bincike ya ce kan sauya sana'a bayan an girma?

A watan Afrilun 2014, a wani taro kan makamashi a birnin New York, Michael Bloomberg, attajirin nan da ya yi shekara 12 yana magajin garin birnin, ya ce ba za a iya koya wa mahaƙin kwal rubuta manhajar kwamfuta ba. Shekara biyar bayan haka, a ƙarshen Disambar 2019, Joe Biden yana yawon neman takara a jihar New Hampshire sai ya faɗi kishiyar wannan magana. Ya ce duk wanda zai iya shiga rami mai zurfin ƙafa dubu uku, ai koyon rubuta manhaja ba zai gagare shi ba. Dukansu biyu sun sha suka. Aka ce na farko ya raina masu aikin ƙarfi, na biyu kuma ya ɗauki abin kamar sauya riga.

To wa ya fi gaskiya a cikinsu? Tambayar ta wuce mahaƙan Amurka. Duk mai aikin ƙarfi da ya fara jin bayansa na ciwo, ko ya ga kasuwar sana'arsa na mutuwa, ya taɓa jin wani ya ce masa "ka koyi kwamfuta mana". Sa'ar da aka yi ita ce a yankin Appalachia na Amurka an gwada abin a zahiri, an ga inda ya yi kyau da inda ya lalace. Masu binciken ƙwaƙwalwa da masana tattalin arziki kuma sun daɗe suna auna ɓangarorin tambayar ɗaya bayan ɗaya.

Mutum goma daga cikin kusan dubu

A 2011 masu aikin haƙar kwal a Amurka sun kai wajen 90,000. Kafin ƙarshen 2016 sun koma kimanin 50,000. Babban dalili shi ne iskar gas ta yi araha bayan da aka ƙware wajen fasa duwatsun ƙarƙashin ƙasa da ruwa mai matsi, sai tashoshin lantarki suka riƙa barin kwal suna komawa gas. Gabashin jihar Kentucky na cikin wuraren da abin ya fi yi wa illa, inda fiye da rabin ayyukan kwal suka tafi cikin waɗannan shekaru. Kuma ka sani, a wannan yanki haƙar kwal na cikin ayyukan da suka fi albashi ga wanda bai yi jami'a ba. Mutum ya rasa shi, babu wani makamancinsa a kusa.

A garin Pikeville, wasu 'yan kasuwa biyu da suka daɗe suna hulɗa da kamfanonin kwal, Rusty Justice da Lynn Parrish, suka kafa kamfanin manhaja mai suna Bit Source a wata tsohuwar masana'antar Coca-Cola. Suka yi sanarwar suna neman mutanen da suka rasa aiki a harkar kwal domin a koya musu gina shafukan intanet. Mutum kusan 950 suka nema. Aka yi musu gwaje-gwaje, aka tace, aka ɗauki 10. A 2015 suka fara horo na mako 22, ana biyansu albashi tun ranar farko da tallafin kuɗin gwamnati, kuma kamfanin da ke koya musu shi ne zai ba su aiki. Da suka gama suka fara gina shafuka da manhajoji ga kwastomomi na gaske.

Labarin ya zaga duniya, aka yi ta cewa an ƙaryata Bloomberg. Kuma an ƙaryata shi ɗin, domin wanda ya ce "ba zai yiwu ba", misali ɗaya ya isa ya rushe maganarsa. Amma a sake duba lissafin. Goma cikin 950, wato kusan mutum ɗaya cikin ɗari. An zaɓo su ne da gwaji. Suna karatu ana biyansu. Aiki na jiransu a ɗakin da suke karatun. Duk wanda ya ɗauko wannan labari ya ce ga hujja kowa zai iya, ya tsallake waɗannan abubuwa uku, kuma za mu ga cewa su ne ginshiƙin nasarar.

Ƙwaƙwalwar babba ta rufe ne?

Wannan shi ne tsoron farko na mai shekara 35 ko 45: "kaina ya riga ya daskare." A nan kimiyya tana da amsa mai ƙarfi, kuma mafi kyawun hujjar ta fito ne daga direbobin tasi.

Kafin a ba mutum lasisin tuƙa baƙar tasi a Landan, sai ya haddace tituna kusan 25,000 da ke cikin da'irar mil shida daga Charing Cross, da dubban wuraren da fasinja kan nema. Karatun kan ɗauki shekara uku zuwa huɗu. A 2000, Eleanor Maguire ta Kwalejin Jami'ar Landan ta ɗauki hoton ƙwaƙwalwar irin waɗannan direbobi da na'urar MRI, ta ga cewa bayan wani sashe da ake kira hifokamfas, wanda ke da hannu wajen riƙe taswira da tuna wurare, ya fi na sauran mutane girma. Sai masu shakka suka ce, wa ya sani ko dama masu babban hifokamfas ne ke shiga tuƙin tasi? Tambaya ce mai kyau. Don haka ita da Katherine Woollett suka bi mutum 79 tun daga ranar da suka fara karatun, suka ɗauki hotonsu a farko, suka sake ɗauka bayan shekara uku zuwa huɗu. A farko babu bambanci tsakaninsu da waɗanda ba sa karatun. A ƙarshe, mutum 39 da suka ci jarrabawa an ga wannan sashe nasu ya ƙaru. Waɗanda suka faɗi ko suka bari, babu canji. An buga sakamakon a 2011, kuma duk waɗannan mutane manya ne, ba yaran makaranta ba.

Akwai abu biyu a cikin wannan bincike da ba a cika ambata ba. Na ɗaya, rabin masu karatun ba su kai ga gaci ba. Na biyu, waɗanda suka ci sun fi waɗanda suka faɗi zuba sa'o'i a kowane mako. Wato ƙwaƙwalwa tana canzawa, amma farashinta lokaci ne, kuma lokaci shi ne abin da mai iyali da ke fita tun asuba ya fi ƙaranci.

Shekaru kuma suna da nasu tasiri, sai dai ba kamar yadda ake zato ba. A 2015 Joshua Hartshorne da Laura Germine sun duba sakamakon gwajin mutum kusan 50,000, suka ga cewa kowace baiwa da lokacin da take kai ƙololuwa. Saurin sarrafa sabon bayani yakan kai ƙarshensa wajen shekara 18 ko 19, daga nan ya fara raguwa a hankali. Riƙe abubuwa da yawa a kai lokaci guda yakan fi ƙarfi daga shekara ashirin da wani abu zuwa talatin da 'yan kai. Yawan kalmomin da mutum ya sani kuwa yana ta ƙaruwa har bayan shekara 60. Ma'ana, ɗan shekara 40 zai fi ɗan 19 jinkiri a makonnin farko, wannan gaskiya ne, babu amfanin ɓoye ta. Amma jinkiri daban, rufewar ƙofa daban.

Sai na iya lissafi?

Tsoro na biyu ke nan, kuma ya kori mutane da yawa tun kafin su taɓa kwamfuta. A 2020 Chantel Prat da abokan aikinta a Jami'ar Washington sun ɗauko mutum 36 da ba su taɓa rubuta manhaja ba, suka gwada su a fannoni daban-daban, sannan suka sa su koyon harshen Python a zama goma na minti 45. Da aka zo duba me ya bambanta masu saurin koyo da masu jinkiri, ƙwarewar lissafi ta ɗauki kashi 2 cikin 100 kacal na bambancin. Baiwar koyon sabon harshe ta ɗauki kashi 17. Kaso mafi girma, wajen 34, ya tafi ga iya warware matsalar da ba ka taɓa gani ba da kuma riƙe bayanai a kai kana juya su.

Kada a ɗora wa wannan bincike kayan da ya fi ƙarfinsa. Mutum 36 ba su da yawa, dukansu 'yan ƙasa da shekara 36 ne, kuma matakin farko na koyo kawai aka auna. Wanda zai yi aikin ƙera tsarin ɓoye bayanai ko ƙirƙirarriyar basira, lissafi zai tare shi a gaba ko yana so ko ba ya so. Amma ga mai gina shafin intanet na kanti ko mai kula da kwamfutocin ofis, lissafin sakandare ya wadatar.

A shekarar dai, wata tawaga a MIT ƙarƙashin Anna Ivanova da Evelina Fedorenko ta sa masu rubuta manhaja cikin na'urar MRI suna karanta layukan Python. Abin mamaki, sashen ƙwaƙwalwa mai kula da harshe bai wani motsa sosai ba. Wanda ya ɗauki nauyin aikin shi ne wani jerin sassa da kan tashi duk lokacin da mutum ke fama da matsala mai wuya, kowace iri ce.

A nan ne nake ganin masu aikin hannu suna da jarin da ba su san suna da shi ba. Dubi bakanike mai kyau idan an kawo masa motar da ta ƙi tashi. Ba ya kwance injin gaba ɗaya. Yakan tambaya: wuta na zuwa? Mai na zuwa? Iska na shiga? Ya cire ɗaya, ya gwada, ya matsa zuwa na gaba, har ya takura matsalar a lungu guda. Mai gyaran wutar gida haka yake bi da mitarsa daga soket zuwa akwatin fis. Wanda ya taɓa zama kusa da mai rubuta manhaja zai gaya maka cewa mafi yawan yininsa ba rubutu yake yi ba, neman inda abu ya lalace yake yi, kuma da irin wannan tacewar yake nemansa. Wannan kamanceceniya fahimtata ce, binciken MIT bai auna bakanikai ba. Sai dai Rusty Justice da kansa ya sha faɗin irinta, cewa mahaƙin kwal na zamani ma'aikacin fasaha ne da ke yin datti. Kuma da gaskiyarsa: a ramin kwal na Amurka ba da diga da shebur ake aiki ba. Injin yankan kwal da rimot ake tuƙa shi, akwai na'urorin auna iskar gas mai kama wuta, akwai masu gyaran lantarki da na'urorin matsin mai, kuma kuskure ɗaya na iya cin rai, don haka mutum ya saba bin ƙa'ida mataki-mataki.

Tazara tsakanin tsohon aiki da sabo

Masana tattalin arziki suna da hanyar auna wannan. A 2010 Christina Gathmann da Uta Schönberg sun yi amfani da bayanan ma'aikatan Jamus na shekaru masu yawa. Maimakon su dubi sunan sana'a, sai suka dubi abin da mutum ke yi da hannunsa da kansa a cikinta: gyara, lissafi, sayarwa, tuƙa inji, koyarwa, da sauransu. Da haka suka iya cewa sana'a kaza tana kusa da kaza, tana nesa da kaza. Suka gano cewa mutane sun fi komawa sana'ar da ke kusa da tasu, kuma wanda ya yi dogon tsalle yakan bar kaso mai yawa na darajar gogewarsa a baya, albashinsa ya nuna hakan. Gwargwadon daɗewar mutum a aiki, gwargwadon abin da zai yi asara idan ya yi nisa.

Wannan ya sa kalmar "aikin kwamfuta" take yaudara, domin ba sana'a ɗaya ba ce. Akwai mai jan wayar faiba ya haɗa ta, wanda ke hawa tsani yana aiki da na'urar haɗi da mitar haske. Akwai mai girka kyamarorin tsaro da netwok na ofis. Akwai ma'aikacin cibiyar ajiyar bayanai, wanda rabin aikinsa wutar lantarki ce da sanyaya ɗaki da sauya kayan da suka ƙone. Akwai mai taimaka wa ma'aikata idan kwamfutarsu ta rikice. Can gaba kuma akwai mai rubuta manhaja, da mai nazarin bayanai, da mai tsaron intanet. Ga mai gyaran wuta, na farkon nan taki ɗaya ne. Na ƙarshen kuwa tafiya ce ta shekaru. Ga ɗan dako ko mai haɗa kankare da bai gama firamare ba, ko na farkon ma sai ya fara bi ta karatu da rubutu da Turanci, tunda saƙon kuskure da littafin na'ura duk da Turanci suke zuwa. Cusa waɗannan mutane duka cikin buhu ɗaya da sunan "masu aikin ƙarfi" shi ne kuskuren da Bloomberg da Biden suka yi tarayya a kai.

Ni a ganina, tallan da ya fi yawa yana tura mutane can ƙarshen layin ne, wajen rubuta manhaja, saboda nan ne labarin ya fi daɗin ji kuma nan ne ake iya sayar da kwas. Ƙofar da ta fi kusa ba ta da ƙyalli, shi ya sa ba a yi mata talla.

Inda abin ya lalace

A daidai lokacin da Bit Source ke tashe, wata ƙungiya mai suna Mined Minds ta fara koyar da rubuta manhaja kyauta a jihohin Pennsylvania da West Virginia. 'Yan siyasa suka yaba mata, hukumar raya yankin Appalachia ta ba da tallafin dala miliyan 1.5. Mutane suka shiga da fatan samun aiki a ƙarshe, wasu har da ajiye ɗan aikin da ke hannunsu. A ƙarshen 2017 tsofaffin ɗalibai suka shigar da ƙara kotu suna zargin an yi musu alkawarin da ba a cika ba, kuma a 2019 jaridar New York Times ta buga dogon rahoto a kan koke-kokensu. Shugabannin ƙungiyar sun musanta zargin. Ko ma mene ne hukuncin mutum a kan wannan rigima, abin da ba a jayayya a kansa shi ne ayyukan da ɗalibai suka sa rai ba su samu ba ga mafi yawansu.

Yanki ɗaya, irin mutane ɗaya, darasi kusan iri ɗaya. Bambancin bai shafi ƙwaƙwalwar ɗaliban ba ko kaɗan.

Manyan bincike sun nuna irin wannan hoto. Tun 1993 Louis Jacobson da Robert LaLonde da Daniel Sullivan suka nuna, da bayanan jihar Pennsylvania, cewa ma'aikacin da ya daɗe a kamfani aka sallame shi tare da jama'a, ko bayan shekara biyar yana samun kimanin kashi 25 cikin 100 ƙasa da abin da da zai samu. Wannan shi ne ramin da ake so horo ya cike. Su ukun dai sun koma jihar Washington suka bi waɗanda suka rasa aiki suka koma kwaleji, suka ga shekara guda ta karatu tana ƙara wa maza kusan kashi 9, mata kusan 13, kuma kusan duk ribar daga darussan fasaha da lissafi da kimiyya ta fito. Riba ce ta gaske, amma ka kwatanta 9 da 25.

A 2018 David Card da Jochen Kluve da Andrea Weber suka tattara bincike sama da 200 daga ƙasashe daban-daban kan shirye-shiryen taimaka wa marasa aiki. Abin da ya fito fili shi ne horo ba ya nuna amfani a shekarar farko, wani lokaci ma kamar baya yake mayar da mutum, domin lokacin da yake aji ba ya neman kuɗi. Sai bayan shekara biyu zuwa uku ribar ke bayyana. To ka ga matsalar. Wa zai ciyar da gida a wannan tsakani? Mutane da yawa da suka bar karatu ba darasin ne ya fi ƙarfinsu ba, kuɗin haya ne ya zo.

Misalin da ya fi ƙarfin hujja a fannin kwamfuta shi ne Per Scholas, wata ƙungiya da ta fara a unguwar Bronx ta New York a 1995. Tana koyar da masu ƙaramin ƙarfi gyaran kwamfuta da tallafa wa masu amfani da ita, cikin 'yan watanni, kyauta, har su sami takardar shaida irin ta CompTIA A+ da kamfanoni suka sani. An gwada shirin ta hanyar ƙuri'a, kamar yadda ake gwada magani: cikin waɗanda suka cancanta, wasu suka shiga, wasu ba su shiga ba, aka bi su shekaru. A shekara ta uku waɗanda suka shiga suna samun kimanin kashi ɗaya bisa huɗu fiye da sauran. Da Lawrence Katz na Harvard da abokan aikinsa suka zauna duba me ya sa irin waɗannan shirye-shirye ke aiki, abubuwan da suka lissafa kusan su ne na Pikeville: ana tace masu shiga, ana tsara darasi tare da kamfanonin da za su ɗauki mutane, ana taimaka wa ɗalibi da matsalolin rayuwa, ana raka shi har ya sami aiki. A lura kuma, Per Scholas ba ta fara da alkawarin mayar da kowa injiniyan manhaja ba. Ƙofar kusa ta buɗe.

Darasi daga masu raba wasiƙu

Ga wanda ba zai iya ajiye aikinsa ba, akwai wani tsohon bincike mai daɗi. A shekarun 1970 hukumar gidan waya ta Birtaniya ta kawo injinan tantance wasiƙu masu allon rubutu irin na tafireta, sai ya zama dole a koya wa masu raba wasiƙu buga rubutu, mutanen da aikinsu tafiya da jaka ne. Alan Baddeley da abokin aikinsa Longman suka raba su rukuni-rukuni. Wasu awa ɗaya a rana, wasu awa biyu, wasu awa huɗu. A sakamakon da suka buga a 1978, masu awa ɗaya a rana sun kai cikin kusan awa 55 matakin da masu awa huɗu suka kai cikin kusan awa 80, kuma da aka sake gwada su bayan watanni sun fi riƙe abin. Abin dariyar, su ne suka fi ƙorafi da tsarin, domin a kalanda su ne suka fi daɗewa.

Wannan bai ci karo da labarin direbobin tasi ba. Jimillar sa'o'in da ake buƙata tana da yawa, babu hanyar kauce mata, amma ƙwaƙwalwa ta fi riƙe abin da aka ba ta kaɗan-kaɗan, ana barci a tsakani. Awa ɗaya kullum bayan sallar isha ko kafin fita aiki ta fi a tara komai ranar Lahadi. Haka kuma bincike da yawa ya nuna cewa gwada kanka, wato ka rufe littafi ka yi abin da hannunka, ya fi maimaita karatu ko kallo zaunar da ilmi. Mai kallon bidiyon darasi a YouTube yakan ji kamar ya iya, har sai ya buɗe kwamfuta shi kaɗai. Duk wanda ya yi zaman koyon sana'a a gareji ya san wannan: ranar da oga ya miƙa maka sifana, ranar ka fara koyo.

Ƙasa ta motsa tun daga 2015

Dole a faɗi wannan, domin labarin Pikeville ya faru ne kafin ChatGPT, wanda ya fito a Nuwambar 2022. Irin aikin da ake ba sabon shiga, kamar gina shafi mai sauƙi ko rubuta 'yan layukan da aka saba, shi ne ƙirƙirarriyar basira ta fi iyawa. A 2025 Erik Brynjolfsson da abokan aikinsa a Stanford sun duba bayanan albashin miliyoyin ma'aikatan Amurka, suka ga cewa a sana'o'in da wannan fasaha ta fi taɓawa, ciki har da rubuta manhaja, yawan ma'aikata 'yan shekara 22 zuwa 25 ya ragu da kimanin kashi 13 cikin 100 idan aka kwatanta da sauran, alhali na masu gogewa bai ragu ba. Sun sa wa takardar suna daga tsuntsun kanari da mahaƙan kwal na da ke shiga rami da shi, idan ya faɗi su san iska ta ɓaci. Masana suna ta muhawara kan ko ƙirƙirarriyar basira ce kaɗai sanadi, ko har da tsadar bashin banki da yawan ɗaukar ma'aikata da kamfanoni suka yi lokacin korona. Amma kowane ne dalili, matakalar farko ta rubuta manhaja ta yi ƙunci, kuma mai shekara 40 da ya sauyo sana'a a kan wannan matakala zai tsaya tare da yaran da suka fito jami'a.

A ɗaya gefen kuma, ita wannan fasaha a cikin gine-gine take zaune, masu cin wuta kamar gari guda, masu buƙatar wanda zai ja waya, ya girka na'urar sanyi, ya kula da janareta da batura. Manhaja ba ta hawa tsani. Tazarar da ke tsakanin mai aikin hannu da wannan ɓangare na harkar ta ragu, ta ɗaya ɓangaren kuma ta ƙaru.

A Najeriya ma maganar ta iso. A ƙarshen 2023 ma'aikatar sadarwa ƙarƙashin Bosun Tijani ta ƙaddamar da shirin 3MTT da burin horar da mutum miliyan uku a fannonin fasahar zamani, ga kuma makarantu masu zaman kansu da ke tallan kwas na wata uku ko shida a Facebook da WhatsApp. Ma'aunin da ya raba Bit Source da Mined Minds yana aiki a kan kowannensu. Mai shirin biyan kuɗi ko ajiye aikinsa yana da haƙƙin ya tambaya: cikin waɗanda suka fara bara, nawa suka gama, nawa ke aiki yanzu, a ina, kuma zan iya magana da biyu daga cikinsu? Wane kamfani ne ya sa hannu a tsara darasin? Sannan ya tambayi kansa me zai ci a watannin da ba ya samu. Yaron da ke gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano, wanda ya riga ya iya karanta zanen allon waya da sauya manhajarta, ya fi kusa da aikin netwok fiye da yadda yake tsammani. Mai girka sola da ya iya lissafin batir da inbata, shi ma abin da ya rage masa kafin aikin kula da wutar turakun sadarwa bai kai abin da ya riga ya koya ba.